Yadda Za Ka Karya Dokar Likita a Tafiyar Iyali Ba Tare da Matarka Ta Gane Ba

Idan likita ya hana ka gishiri da mai da jan nama, ga kuma tafiyar kwana shida a gabanka, mota cike da iyali, hanya kuma ta bi ta garuruwan da kowanne ke taƙama da tukunyarsa, to kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun da ya dace. Matakan nan takwas ne, kuma tabbatattu ne. Duk wanda ya bi su daki-daki zai ci abin da ransa ke so, ya dawo gida matarsa na yi masa sannu da haƙuri. Ba da ka na ƙirƙire su ba. Daga bakin maƙwabcina na same su, wani tsohon direban tirela da ya gwada su da cikinsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota. Shi ba da gini ko da allon bakin hanya yake gane gari ba, da abincinsa yake gane shi. In ka tambaye shi kwatance sai ya ce ka wuce mai gashin nama ta hannun dama, in ka ji ƙamshin burodi ka karya hagu. Duk tsawon shekarun nan yana yi wa matarsa alkawarin cewa ranar da ya ajiye sitiyari zai ɗauke ta a ƙaramar mota ya nuna mata inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya ajiye aikin da wata biyu, ana cikin shirin tafiya, jiri ya ɗebe shi a bakin famfo. Likita ya auna jininsa, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya karanto masa jerin abubuwan da zai bari. Direba ya ce da abin da ya rage masa aka karanto, da tuni an gama.

Su huɗu suka yi tafiyar: shi, da matarsa da kowa ke kira Mama, da autarsu wadda nas ce a asibiti, da yayarsa, Gwaggon yara, mai fama da ciwon suga.

Mataki na ɗaya: Amince da kowane sharaɗi

Kada ka yi gardama. Mai gardama shi ake sa wa ido. Duk abin da aka gindaya maka ka ce to, ka sunkuyar da kai kamar wanda wa'azi ya ratsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Mama ta ce tafiya ba za ta yiwu ba sai da sharuɗɗa uku. Abincinsa a hannunta zai kasance. Auta za ta auna jininsa safe da yamma. Ranar da awon ya wuce iyakar da likita ya yanka, a ranar za a juya kan mota zuwa gida, ko da saura taku goma a isa inda aka nufa. Direba ya amince tun kafin ta rufe baki, har ya ƙara da cewa ya bar sa suga a shayi, abin da ba wanda ya roƙe shi.

A nan ya yi kuskuren farko, kai kada ka yi shi. Biyayyar da ta yi yawa ƙara take yi. Mama ta daɗe tana kallonsa, don a zamansu kaf ba ta taɓa ganin ya yarda da magana kafin a kai ƙarshenta ba. Sannan ta je ta cika kula da dafaffen kabeji da karas da farar shinkafa da ba ta ga gishiri ba ko daga nesa.

Mataki na biyu: Ka sa motar ta yi ciwo a inda ya dace

Mota amanar direba ce, ba ta tona asiri. Da ka hango garin da kake hari, kashe rediyo, karkata kai gefe guda, ka tambayi jama'a ko sun ji wani ƙara. Ba wanda zai ji. Wannan shi ne hujjarka cewa kunnen gwani daban ne.

Zangonsu na farko wani babban birni ne mai gadoji bisa gadoji. Direba ya ce lagireto na neman ba su matsala, ya sauke matan a kasuwar yadi, ya ce su sha kallo kafin ya ga bakanike. Bakaniken kuwa na nan da gaske, a wani lungu bayan tasha, kuma a jikin bangon garejinsa wani dattijo yake gasa nama a kan rabin durom. Dattijon na ɗaga ido ya gane shi. A hanya ba wanda ya san Direba da sunan yanka. Ƙaro-Ɗaya suke ce masa, don bai taɓa tashi daga gaban kwano bai faɗi wannan kalmar ba.

Bakanike ya buɗe bonet ya duba bai ga komai ba. Direba ya roƙe shi ya bar shi a buɗe haka nan, ya tsaya a bayansa ya ci a tsaye. Naman na nan yadda ya bar shi, bakinsa a ƙone kaɗan, kitse na tsatsafowa, yaji har cikin hanci. Ya ce hawaye sun zubo masa, kuma har yau bai san ko na yajin ba ne ko na tuna da.

Ka lura, mota ba ta yin ciwo ɗaya sau biyu. Yau lagireto, gobe iskar taya, jibi wani ƙugi a ƙarƙashi da ba ka son a raina. Kada dai ka ce birki. In ka ce birki ba mai sake shiga motar.

Mataki na uku: Ɓatar da sawu

Abinci yana da 'yan rahoto uku: ƙamshi, maiƙo, da walwalar fuska. Tanadi kanumfari a aljihu don baki. Ajiye rigar canji a ramin safaya taya. Ka shafa ɗan baƙin mai a yatsu kafin ka koma, yana danne kowane ƙamshi kuma yana ƙara maka kamannin wanda ya sha wahala.

Amma babban aikin yana gaba. Za a buɗe kula, kuma dole ka ci. Wanda ya ture kabeji ya tona kansa. Direba ya zauna a gindin bishiya da cikinsa dam, ya cinye rabonsa yana yabawa, ya ce ashe karas na da wani zaƙi da gishiri ke ɓoyewa. Mama ta ce tunda ya ji daɗi bari ta ƙara masa, ta juye masa ragowar. Tun daga ranar kullum sau biyu yake cin kowane abinci, ɗaya don ransa, ɗaya don zaman lafiya. A kwana na uku ya ƙara wa bel ɗinsa huji da ƙusa, a ɓoye, a bayan wani gidan mai.

Mataki na huɗu: Nemi abokin laifi

Ɓarawo ɗaya ba ya gadin kansa. Duba cikin motar da kyau, akwai wanda shi ma aka hana wani abu.

A rana ta biyu suka hau wani ƙaramin gari a kan tudu, mai titi ɗaya tak da iska mai sanyi. Garin ya shahara da burodi mai kauri da ake cirowa da zafinsa, a tsaga shi a cusa man shanu, a kwarara zuma. Direba ya ce zai je neman mai faci ya ƙara iska, ya zagaya ta bayan gidan burodin. Yana shiga ya tarar da yayarsa zaune a kan benci, wadda ta ce musu bayan gida za ta, zuma har gwiwar hannu.

Suka kalli juna.

"Yaya, suga fa," in ji shi.

"Kai kuma jini fa," in ji ta. "Zauna, ka tare mini iska."

A nan aka ƙulla yarjejeniya ba tare da an ƙara kalma ba. In shi zai sulale, ita za ta riƙe Mama da labarin rigimar gadon da aka yi a danginsu tun kafin a haifi Auta, labarin da ba ya ƙarewa ƙasa da awa guda. In ita za ta sulale, shi zai ja su kallon wani tsohon gini ya ƙirƙiro masa tarihi.

Sai dai ka sani, abokin laifin da ya girme ka ba abokin tarayya ba ne, shugaba ne. Duk abin da Direba ya ƙunso, Gwaggo ke fara zaɓa. In ya yi ƙorafi sai ta tuna masa cewa ita ta goya shi har bayanta ya yi kanta, ba ta taɓa neman lada ba sai yanzu.

Mataki na biyar: Lallaɓa na'urar awo

Kafin a auna ka, zauna shiru, ja numfashi, ka yi tunanin ruwa mai gudu a hankali. In lambar ta fito da girma, ka zargi batir. In an sa sabon batir, ka zargi ramukan hanya. In hanya lafiya lau take, ka zargi surutun yayarka.

Direba ya bi duk waɗannan bi da bi. Auta ba ta musa masa ko ɗaya ba, sai ta rubuta lambar a ɗan littafinta ta rufe. Yarinya ce marar yawan magana, ta ɗauko shirun uwarta da taurin kan ubanta. Da yammar rana ta uku, a farfajiyar masaukinsu, ta zare abin awon daga damtsensa ta daɗe tana naɗe shi. Lambar ta tsaya daidai kan iyaka.

"Baba, na'ura ba ta san zumunci ba," ta ce a hankali. "Yau zan ce wa Mama da sauƙi, don na ga yadda take jin daɗin tafiyar nan. In gobe ta ƙara ko ɗaya, zan faɗa."

Kunya ta kama shi. Ya rantse mata ya daina, kuma har zuciyarsa ya rantse. Rantsuwar ta yi kilomita tamanin cif.

Mataki na shida: Guji tsofaffin sani

Maƙiyi ba ya tona maka asiri kamar mai ƙaunarka. In za ku ratsa kasuwar da aka san ka, sa hula ka ja ta har gira, ka bi ta layin masu sayar da bokiti.

Direba bai yi haka ba. A rana ta huɗu suka iso wani gari na mahaɗar hanyoyi, ranar kasuwa, Mama ta ce yau kam tare za a zaga. Suna tafe sai wata mata mai sayar da romon kan rago ta ƙwala masa kira da sunansa na hanya daga can ƙarshen rumfa, ta taso da ludayi a hannu. Ta rungume Mama kamar 'yar'uwarta, ta ce ashe ita ce matar da ake ba su labari shekara da shekaru. Ta ce bai taɓa tashi daga rumfarta ba sai ya sa an ƙulle masa wani abu ya ce na maiɗakinsa ne. Mama ta yi murmushi ta ce Allah sarki, wataƙila hanya ce ke da nisa, don ko sau ɗaya ƙullin bai iso gida ba.

Matar ta zubo kwano ba tare da an tambaye ta ba. Direba ya haɗiye yawu ya ce ai shi ya daina, likita ya hana. Ta dube shi kamar an yi mata rasuwa, sannan ta ce abin mamaki, don wani direba da ya wuce jiya ya ce ya gan shi ranar Litinin a bayan tasha yana cin gasasshen nama a tsaye.

Daidai lokacin wata babbar mota ta danna hon. Mama na duba wasu kwanuka a rumfar kusa, ba ta waiwayo ba. Direba ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba ta ji ba. Da suka koma mota ya shafa aljihu ya ce ya manta wayarsa a rumfar, Gwaggo kuma ta buɗe babin gado. Kwano biyu ya sha, da gishirinsa da mansa da komai.

Mataki na bakwai: In hanya ta zama biyu a idonka, tsaya

Wannan matakin ba ya cikin tsarin da Direba ya fita da shi daga gida. Hanya ce ta ƙara masa.

Bayan la'asar suna gangarowa daga tuddai zuwa wani gari na bakin kogi da ya yi suna da kifi, hanya mai kwana-kwana, rami a hannun hagu. Ya ji ƙeyarsa ta yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Ya murza ido. Farin layin tsakiyar titi ya rabu biyu, ya haɗe, ya sake rabuwa. Can ƙasa wata motar itace na hawowa, ita ma ta zama biyu.

Saura kilomita goma sha biyu, kuma ya san kowace kwana a cikinsu kamar tafin hannunsa. Zuciyarsa ta ce ya daure, ba wanda zai sani. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa goge wa mota fenti ba, bai kuma taɓa ba wani sitiyari yana zaune ba. Ita kanta Auta, shi ya koya mata tuƙi, amma kullum cewa yake tana juya sitiyari kamar mai tuƙa tuwo. Ya ɗaga ido ya kalli madubi. Mama na ɓare lemo tana kallon kogin da ya fara bayyana, Gwaggo na barci baki buɗe.

Ya sa sigina, ya gangara gefe a hankali, ya ja birkin hannu, ya kashe motar. Ya zare makulli ya miƙa wa Auta da ke kusa da shi.

"Karɓi," ya ce. "Hanya biyu nake gani."

Auta ta auna shi a nan bakin titi, ta kalli lambar, ta ba shi ƙwaya, ta kwantar masa da kujera. Ita ta sauko da su gangaren nan, kwana bayan kwana, ba gargada, har ƙofar wani ƙaramin asibiti. Likitan wurin ya ce sun zo a kan gaɓa. Da an ƙara awa guda, da wani zancen ake yi.

Da jikinsa ya lafa, aka bar shi da Mama a ɗaki mai gado biyu da fanka mai ƙara. Ya faɗa mata komai, tun daga lagireto har wayar da bai manta ba. Sunan yayarsa kaɗai ya ɓoye, sai ga muryar Gwaggo daga bakin ƙofa tana cewa a sa da ita a lissafin, amma a san cewa shi ya fara.

Mama ta ce ta sani tun ranar farko. Mutumin da motarsa ta lalace ba ya dawowa yana fito. Ya tambaye ta me ya hana ta magana. Ta daɗe tana gyara bakin zanen gadon da ba abin da ya same shi.

"Shekara talatin da ɗaya nake jiran tafiyar nan," ta ce. "Na san in na yi magana gida za mu koma. Sai na yi shiru ina ƙara maka kabeji, wai ko zai rage wa wancan wuri. Da ka faɗi a kan hanyar nan, da ni da kai muka yi shi."

Ta juya ta fuskanci taga. Direba ya ce a duk abin da ya same shi a tafiyar, har da allurai, ba abin da ya yi masa zafi kamar kallon bayanta a lokacin.

Mataki na takwas: Ka zauna a ci a gabanka

Washegari da hantsi aka sallame shi. Da bakinsa ya ce sharaɗi sharaɗi ne, a juya gida. Mama ta ce ba inda za ta sai ta ga kifin da aka cika mata kunne da shi tun tana amarya. Auta ta ce za a iya ƙarasa tafiyar in ita ce a sitiyari, likitan ma ya yarda.

Wurin bai canza ba: rumfar kwano, bencina uku, kwale-kwale a ɗaure, kasko na tafasa. Mama ta sa aka soya mata babban kifi ita da Auta, da yaji da albasa da duk abin da ake sawa. Nasa kuwa da kanta ta je ta zaɓa, ta tsaya a kan mai kifin har ya gasa shi da tafarnuwa da citta da lemon tsami, ba gishiri. Gwaggo aka ba ta rabin gasasshen da shayi ba suga, ta karɓa tana cewa duniya ta lalace tunda ƙanana ke yi wa manya rabo.

Direba ya ci nasa. Ya ce ba zai yi ƙarya ya ce ya kai wancan ba, amma ya ciwu. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Sai a ranar ya lura bai taɓa ganin matarsa zaune tana cin abincin da ba ita ta dafa ba, ba mai kiranta, ba tukunya a wuta. Ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, ta bi kifin nan har ƙaya, ta tsotse kan. Da ta gama ta wanke hannu ta je ta kama gardama da mai kifin a kan cewa yana barin mai ya yi zafi da yawa, har mutumin ya miƙa mata matsami ya ce ta nuna masa. Ta nuna masa kuwa.

Sauran kwana biyun a kujerar gefe ya yi su, yana taka birkin da babu shi a duk kwana. Shi ke faɗin inda za a tsaya da abin da za a saya da wanda za a gaisar, matan su ci, shi ya ba da tarihi. A wani gari Auta ta ajiye motar tsakanin motoci biyu da baya a tashi ɗaya, ya buɗe baki zai gyara mata, ya rasa abin gyarawa, ya ce rediyon ya yi ƙara da yawa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba bakanike ba ne, bai kuma taɓa tuƙa abin da ya fi keke ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya kwanta, ko ya kwana a falo, ko 'yarsa ta ƙwace masa makulli, to shi da cikinsa, kada a aiko mini. In an kama ka da takardar nan a aljihu, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Ni ma ina da tawa damuwar: matata ta riga ku karantawa, ta ce mutum ba ya iya tsara irin wannan sai da gogewa, kuma jibi da safe za ta raka ni awo.